Masu Lissafin Tsaga Biyu a Bencin Mai Shayi

Da an ba da hutu, 'yan ajin farko na Fiziks daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Dutsin-Ma kan mamaye bencin mai shayi a Magamar Jibiya, tambaya ɗaya tana wahalar da su. Haske mai tsawon zango nanomita 600 ya ratsa tsaga biyu masu rabin milimita a tsakani, ya sauka kan allo mai nisan mita 2: nawa ce tazarar ratsin haske? Tun wajen 1801 Thomas Young ya yi gwajin a Ingila, amma har yau shayi na hucewa a kansa.

Akwai Ɗan Canji. Ko daga barci ka tashe shi zai juya maka jikka goma ta sefa zuwa naira, amma nanomita zuwa mita ta gagare shi. Sai ya ninka 600 da 2, ya raba da 0.5, ya sami mita 2,400, har ya ja layi biyu a ƙasa. Wato ratsin farko na Najeriya, na biyun sai an buga masa hatimi a iyakar Nijar. Amsar kuwa milimita 2.4 ce.

Ɗan Lakwal da ya yi karatu a Maradi shi ke samo ta daidai, sai dai ya rubuta 2,4 da waƙafin Faransanci. Nan Ɗan Canji zai leƙo ya ce, "Ka gani ko, abokina? Amsarmu ɗaya, sifili biyu ka manta."

Mai Waya ba ya taɓa biro. Yana cikin neman amsa a intanet layinsa zai tsallaka sabis ɗin Nijar, kati ya ƙare.

Mai Gardama kuwa lissafin bai dame shi ba, aƙida ce matsalarsa: "Haba jama'a, haske da haske su haɗu su haifi duhu?" A yi masa bayani cewa inda tudun igiyar haske ya faɗa kan kwarin 'yar'uwarta sai su kashe juna, ya ce a ƙaro masa madara tukuna.

Wanda ya fi burge ni shi ne Ɗan Unguwa. Malami ya ce de Broglie ya kawo a 1924 cewa ilektaron ma igiya ce, Davisson da Germer suka tabbatar a 1927. Ko ɗaya-ɗaya aka harbo ta, ratsin nan sai ya fito. Da an sa na'urar duba tsagar da ta bi, sai ya ɓace. Kowa ya dafe kai, Ɗan Unguwa da ya ga rufe iyaka a 2019 ko gezau. "Buhun shinkafa ne, Malam. In ba kwastan, kowace hanya tasa ce. A kafa shinge, ya bi ɗaya kamar mutumin kirki."

A jarrabawa dai Ɗan Lakwal ke cinyewa, in mai ba da maki ya gane waƙafinsa.