Kifin Rijiyar Zazzau

Bawana Bazazzagi, bayan gaisuwa irin ta ubangida da yaronsa, ina fatan dakalin ƙofar gidanku yana nan lafiya, bai gaji da kai ba tukuna. Ka gaishe min da shi, don duk duniya babu wanda ya fi shi sanin nauyinka.

Labari ya iso ni har Kano cewa tun da ka ji tumatirina ya ruɓe a hanyar Legas ka samu abin hira. An ce ran Juma'a, ana saukowa daga masallaci, ka tara mutane a gindin rimi kana kwaikwayon muryata a waya, har da cire hula kana share hawaye da ita. Wai ka ce, da Hausar nan taku da ba ta san mace ba, "Motan Bakano ya mutu, kuɗinshi ya zama miya." Motan na yafe maka, tunda a garinku ko riga namiji ne. Maganar miya ce nake so mu yi.

Ba ƙarya ka yi ba. Kwando 80 na loda a Kwanar Gafan, tumatirin rani na Kadawa, wanda ya sha ruwan Tiga ya ƙoshi, ja wur kamar ka lasa. Mu huɗu muka haɗa tirela guda, ni ne sabon shiga. Sauran ukun suna ta zaɓen mai sauran kore-kore a jiki, ni kuwa ina yi musu dariya a zuci, ina cewa waɗannan ba su san abu mai kyau ba. Na bi nunanne na kwashe. Muka tashi da la'asar, muka kwana muna tafiya. Washegari da rana, mun wuce Mokwa ba mu kai gadar Jebba ba, inji ya yi wani tari irin na tsoho, ya yi shiru. Direba ya sauko, ya buɗe, ya leƙa, ya ce, "Allah Ya sa haka ne mafi alheri." In ka ji direba ya fara wa'azi, to ka san tafiyar ba yau ba.

Kwana biyu muka yi a gefen titi, ga zafin watan Maris. Karen mota ya hau acaɓa ya tafi neman makanike, ya dawo da wani, shi kuma ya ce sai an aiko da ƙarfe daga Ilori. Daren farko ina kwance a ƙarƙashin motar, don can ne kaɗai iska ke ratsawa, sai na ji ɗis a goshina. Na ce ko raɓa ce. Na shafa na sansana, tsami. Kafin asuba ɗis ya zama tsiyaya, wani jan ruwa yana bin ƙarfen motar yana taruwa a kwalta, gari na wayewa ƙudaje suka kafa kasuwa a kai. Na zauna na yi tagumi ina kallon rabin kuɗin filin da na sayar yana gangarawa kwata. Da muka shiga kasuwar Mile 12 rana ta huɗu, motoci sun riga mu cika fili. Dillali ya ɗaga murfin kwandona ya mayar da sauri, kamar wanda ya leƙa ɗakin surukarsa bisa kuskure. Matan da ke sayen fasasshe don masu tuwo-tuwo su suka yi wa kayana sutura. Abin da na tashi da shi, bayan kuɗin mota da la'ada da 'yan dako, gida kawai ya kawo ni, da burodin Agege guda biyu don kada yara su ce ban je ba. Abokan tafiyata kuwa nasu a hanya ya nuna, ya isa daidai. Sai ranar na gane wanda ya kamata a yi wa dariya a Kwanar Gafan.

To ka ji, na ba ka labarin da cikarsa, don in za ka sake kwaikwayona ka yi daidai. Saura naka.

Ka tuna wata guda kafin tafiyar na zo har gida na same ka, na ce ka ɗan yago wani abu daga garatutinka mu haɗa? Ka gyara tabarau, ka ce sai ka yi nazari. Wannan nazarin ba yau na fara jin sa ba. Da ka yi ritaya ka ce kiwon kaji za ka shiga. Ka sayi littafi uku a kan kaza, ka zana keji a takarda har da ma'auni, ka lissafa ƙwan da kowace za ta saka a shekara. Shekara tara ke nan, ba a taɓa jin cara a gidanka ba sai ta zakaran maƙwabta. Daga nan ka koma kan cittar Kudancin Kaduna, ka ce hanya ba kyau. Sai kifi, ka ce an ce yana mutuwa. Malam, wane mai rai ne ba ya mutuwa? Fayil ɗin nan mai ruwan ƙasa da kake ɓoyewa a ƙarƙashin katifa ya fi kasuwar Dawanau kaya, sai dai duk a takarda suke. Babbar kasadar da na ji ka yi bana ita ce ranar da mai shayinka ya tafi ganin gida, ka rufe ido ka sha na wani. An ce kwana uku kana ba da labari.

Abin da ya fi ɗaure min kai, a garinku ake koya wa mutane tashi sama. Tun 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Zariya. Kullum ƙananan jiragen nan suna shawagi a kan Palladan, yara 'yan shekara ashirin, maza da mata, daga kowane lungu na ƙasar nan, suna tashi suna sauka. Kai kuwa da ka ji ƙara sai ka ɗaga kai ka ce, "Allah Ya sauke ku lafiya," ka ƙara matsawa jikin bango. Mu a Kano tun 1925 jirgin sama ya sauka mana, kuma na tabbata cikin 'yan kallon ranar ba a rasa wanda ya tambaya ko yana ɗaukar kaya ba. Kai da ɗanka ya ce zai biya maka Umara, sai cewa ka yi ko akwai hanyar mota. Akwai har ta ƙafa. Ita mutanenmu suka bi ta Barno da Wadai da Darfur, suna tafe suna tsayawa noma da ƙwadago don su samu guzurin gaba, wani ya yi shekara biyar, wani goma. Wasu suka isa, wasu suka zauna a Sudan, jikokinsu suna can har yau a Mai Wurno da kewayenta. In ita ta fi kwanta maka a rai, ai sai ka ɗaura takalmi tun yau.

Kuma ba gado ka yi ba, shi ne abin haushin. Da a ce Zage-zagi tun asali mutanen dakali ne, da na ce jini ne, na ƙyale ka. To ina ka bar Amina? Littafin tarihin Kano, namu fa, ba naku ba, shi da kansa ya shaida cewa ta shekara 34 tana yaƙi, ta ci ƙasa har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, kuma a zamaninta goro ya shigo ƙasar Hausa. Inda duk ta yada zango sai an yi ganuwa, shi ya sa har gobe ake cewa ganuwar Amina. Mace ke nan. Ni ina zaton daga nan ne kuka daina bambance mace da namiji a magana: kun duba kun ga mazantakar gidan a hannun mace take, kuka rasa yadda za ku faɗa.

Goron da aka kawo mata kuwa, ku kuka tauna, mu muka bi sawunsa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka laɓta wa jakuna kanwa da baƙin Kura da jar fata, madugu yana riƙe da ayari, jagaba yana gaba yana duba hanya da masauki. Su haye Kwara, su keta Bargu inda 'yan fashi ke dakon su, har Salaga ta ƙasar Gwanja. Zuwa da dawowa yakan cinye rabin shekara, wani lokaci shekara cur. Goro kuma ba ya son wasa. A hanya sai an riƙa kwance huhu ana tsince mai sankara, ana yayyafa ruwa, ana sake ganye, in ba haka ba ka iso Kurmi da busasshen itace. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, ba gida suka dawo suka zauna nazari ba. Gaba suka yi, Kete-Karachi da Kumasi da Akra, zangunan da suka zauna suna nan ana Hausa a cikinsu. Alhassan Ɗantata, da aka haifa a Bebeji a 1877, nan kan hanyarku, ya ga jaki yana ɓata wata da watanni, ya ɗora goronsa a jirgin ruwa zuwa Legas. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suna sa ran auduga, shi da irinsa suka juya ga gyaɗa. A 1929, raƙumi 20 aka loda da tsabar azurfarsa aka kai ajiya banki a Kano. Jirgin ƙasan nan fa ta Zariya ya biyo kafin ya zo mana. Ku kuka fara ganin sa, kuka ɗaga masa hannu.

Na san abin da za ka ce, don na san bakinka. Za ka ce labarin Ɗantata guda ake bayarwa, ba a lissafa waɗanda ƙasusuwansu suka rage a dajin Bargu. Wannan kam ka yi gaskiya, kuma ban ji daɗin ba ka ita ba. Ni ma a ƙarƙashin tirelar nan ba Ɗantata na tuna ba, kai na tuna. Na ce yanzu haka Bazazzagi yana can ya ci tuwonsa ya miƙe ƙafa, babu mai bin sa ko sisi. Wajen minti goma na yi ina hassadarka, sai sauro ya katse ni. Kuma ban ce ka sayar da gida ka zuba a tumatir ba. Wanda ya kwashe abincin iyalinsa ya jefa a abin da bai sani ba wawa ne, ko da ya ci riba, kuma muna da irinsu a Kano, ba sai ka tuna min ba. Amma garatutin nan da kake wa gadi dare da rana, ka auna buhun masara nawa zai saya ranar da aka ba ka shi, ka sake aunawa yau. Ba ka hau mota ba, inji bai buga ba, ƙuda bai sauka a kai ba, amma shi ma ɗiga yake yi. Nawa dai na ji ɗigarsa a goshi, na san ranar, na san wurin. Naka a ƙarƙashin katifa yake tsiyayewa, kai kana sama kana minshari.

Ka duba ma garin naku, ai da ƙarfin halin baƙi yake ci. Almajirin da ya baro Katagum ko Damagaram da buzunsa ya zo neman nahawu a zaurukan cikin birni, da ɗalibin da ya baro Kalaba ya zo Jami'ar Ahmadu Bello tun da aka buɗe ta a 1962, bai san kowa ba, bai ma iya cin tuwo ba, su ne masu cika muku kasuwa da ɗakunan haya. Da dukansu sun tsaya irin nazarinka, wa za ka riƙa ƙwanƙwasa wa ƙofa a ƙarshen wata?

Na koma, in ba a gaya maka ba. Bayan Sallah na loda albasa, wadda ba ta da saurin fushi irin na tumatir. Na raba ta mota biyu, na kuma kira dillali tun kafin a ɗora buhun farko, ya gaya min motoci nawa ke hanya. Ban mayar da duka ba, amma na mayar da fiye da rabi. 'Yan dakon kasuwar suna hango ni suka ɗauki ihu, "Ga Alhaji Miya ya dawo!" Na amsa, na saya musu shayi.

Ran Asabar mai zuwa za mu sake wucewa. Na riga na yi magana da direba, ya bar maka kujerar gaba, gefen taga, ko da amai zai zo. Ba na neman ko kwabonka yanzu. Buhu biyar na rubuta da sunanka bashi, za mu haɗa lissafinsa da kuɗin sharar da kake noƙewa duk cika-ciki, shekara uku ke nan. Ka tsaya a Kwangila, ƙarƙashin gada, bayan sallar isha'i. Ka taho da bargo da buta da maganin ciwon kai. Fayil ɗin ma ka taho da shi, in motar ta sake mutuwa mu samu abin hura wuta.