Ta'aziyyar Tirela

Da bazara ba mai kwana a ɗaki a Gidan Rumji. Kowa tabarmarsa a tsakar gida ko a ƙofar gida, katangunmu kuma gajeru, in ka yi tari sai maƙwabci na uku ya ce maka sannu. A irin wannan dare ne na ƙwace wayar ɗan yayata.

Yaron a wurina yake zaune, jarrabawar BEPC ta matso, shi kuwa kullum kai a sunkuye, ido a waya. Ni mushen tarihi da labarin ƙasa ne, kuma a fadarmu ta shayi ni ne kan gaba wajen cewa fina-finan Amurka sun gama da yaranmu. Na yi masa faɗa son raina, ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri." Bayan isha'i na ce bari in leƙa abin da ke cinye masa ƙwaƙwalwa, don in san ta inda zan ɓullo wa faɗan gobe. Na kishingiɗa, na toshe kunnuwa da abin sauraro.

Transformers ne, kashi na biyu, na 2009, wanda Michael Bay ya ba da umarni. Asalin abin kayan wasan yara ne, motoci masu rikiɗa su zama mutum-mutumi, da kamfanin Hasbro ya samo daga Takara na Japan ya fara sayarwa a Amurka a 1984. Fim ɗin talla ce ta awa biyu da rabi da aka kashe wa wajen dalar Amurka miliyan 200. Labarin kuwa ya faɗa cikin yajin aikin marubutan Hollywood na ƙarshen 2007 zuwa farkon 2008, aka haɗa shi a gurguje, kuma ba sai an gaya maka ba. Wai wani tsohon mugu ya ɓoye na'urar kashe rana a cikin dalar Giza tun zamanin da. Wai an shiga gidan tarihin jiragen sama kusa da Washington, an fita ta ƙofar baya, sai ga hamada da duwatsu. Daga Giza zuwa Petra ta ƙasar Jodan kusan kilomita 400 ne, da mashigin Suez da Sinai a tsakani, amma 'yan fim ɗin sai suka je kamar an aike su garin Tsibiri. Ɗalibin da ya zana mini wannan taswira sifili zai kwasa. A 2010 har lambar fim mafi muni ta Razzie aka ba shi, kuma ba a zalunce shi ba.

Duk wannan ina gani, ina tsaki. Sai tirela ta fito, ja da shuɗi, da zanen harshen wuta a goshi. Ta tsaya, tayoyi suka koma ƙafafu, ƙofofi suka koma ƙirji, ta miƙe tsaye. Tsakin ya maƙale mini a baki.

Mu da muka tashi a bakin babbar hanyar da ta ratsa garin nan, tireloli ne sarakunanmu. Muna zaune a inuwa suna wucewa da kayan Kwatano zuwa Maraɗi, mu ƙare musu kallo, mu ruga gona mu kwaso karan dawa. A fere bayan karan a yi sille, laushin ciki a yanka shi guntu-guntu, a soke da ƙayar aduwa. Taya daga sakaina ko tsohon silifa, fitila daga marfin kwalba, mai gata ya samu gwangwanin sardin ya yi bodi. Tirelata tana magana, tana tashi sama, tana dambe da motar ɗan maƙwabta, in an taka ta ta mutu da la'asar, gobe da safe ta tashi. Ba wanda ya taɓa tambayarmu dalili. Ashe Michael Bay ɗan unguwarmu ne, kuɗi kawai ya fi mu.

Ban san na tashi zaune ba. A wani daji mugaye suka yi wa tirelar taron dangi, Optimus sunanta, tana sara tana kare wani yaro, sai aka soke ta ta baya. Mai abu a kunne ba ya jin muryar kansa.

"Innalillahi! Sun kashe shi! Ta baya, matsorata!"

Uwargida ce ta fara zabura da salati. Kafin in zare abin kunnen, fitilu sun haska ta kan katanga, ana buga ƙofa. Dattijon da ke ja mana salla ya shigo da carbi a hannu, hula a karkace.

"Mushe, lafiya? Wa aka kashe? A wace hanya?"

Tambayar ba ta wasa ba ce, kowa ya san halin rashin tsaron da ƙauyukan bakin iyaka ke ciki. Na buɗe baki, ba abin da ya fito sai, "Baba, Optimus ne."

"Allah ya jiƙansa. Ɗan wane gida ne?"

Uwargida ta karɓi wayar, ta duba, ta miƙa masa. "Baba, mota ce."

Dattijo ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya kalle ni. Ya ce, "To, Allah ya ba da haƙuri," ya gyara hula ya fita. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kunya ba ta hana ni komawa kan tabarma in ci gaba ba, a lulluɓe cikin zane, da wannan zafi. An kai gawar tirela Masar, ana shirin tashinta, sai waya ta mutu. Ga kuran an ɗauke. Da asuba, ni da na yi huɗuba jiya, na tsuguna kusa da ɗan yayata ina raɗa, "Kai, ya tashi kuwa?" Ya ce, "Kawu, ai ka ce ɓata lokaci ne." Sai da na biya kuɗin caji da na ƙosai.

Yanzu a fada in na iso sai a miƙe a yi mini gaisuwar rashi, 'yan aji kuma in na juya allo sai in ji ana ƙarar injin a baya. Hukuncina dai bai canja ba, fim ne marar kai marar gindi, kada wanda ya ba ɗansa ana gab da jarrabawa. Akwai kashi na uku, na 2011. Wanda ke da shi ya turo mini ta hannun yaro, kada ya biyo ta fada.