Motar Tsere, Kulocin Rangwame

A Gusau ba a sayen motar tsere, haɗa ta ake yi. Kayan haɗin ma ba su da yawa: Golf 3 ko tsohuwar Honda Civic mai giyar hannu, da saurayin da waken suya ya yi wa kyau bana, da mai waldar da ba ya yawan tambaya. Mai walda ya yanke tukunyar salansa, ya dasa ƙaton bututu. A zaftare sifirin har cikin mota ya kusa sharar kwalta. A kafa fiffike a bayan but, ko da yake babu wanda ya taɓa jin motar ta yi niyyar tashi sama. A manna sitikar TURBO a ƙofa, GTI a baya, saƙo ga mahassada a gilashi. A sa shuɗiyar fitila a ƙarƙashi domin tururuwa su ga hanya. Shi ke nan, unguwa ta samu motar tsere, barci kuma ya ƙaura.

Abu ɗaya ne ba a taɓawa, wato inji. Kamfanin Volkswagen ya fito da Golf 3 a 1991, ita kuwa Jihar Zamfara sai a 1996 aka ƙirƙiro ta, don haka da yawa daga cikin motocin nan sun girmi jihar da ta ba su lamba. Injin lita 1.8 da aka fi gani ya baro Jamus da ƙarfin doki 90, a lokacin yana ango. Tun daga nan ya yi sanyin Turai, ya sha iskar teku a Kwatano, ya sha man 'yan bumburutu, ya sha baƙin man da ake juyewa sai an tuna. Dawakin nan wasu sun mutu, wasu sun gurgunce, saura na jiran fansho. Amma mai mota ya rantse tun da aka yanke salansa gudu ya ƙaru. Ƙara ce ta ƙaru, kunne ya kai wa zuciya rahoton ƙarya.

Ranar da ake gwada motar ita ce ranar kai amarya. Saurayi ya samu fili, ya take totur har ƙasa, ya saki kuloci gaba ɗaya, ya finciko birkin hannu. Taya ta yi kururuwa, ƙura ta tashi, yara na tsalle suna "Sai kai! Ba ka da dama!", wayoyi a sama ana ɗauka domin TikTok. Lambar motar tana shelar cewa noma ne abin alfaharinmu, shi kuwa yana ta huɗa a kan titi. Ya sake, ya kuma sakewa, saboda wadda ake yi dominta lokacin tana gyara mayafi, ba ta gani ba. Can sai wani ƙauri ya tashi. Mata su duba tukunya, maza su duba sigari, mai mota ya ɗaga gilashi ya ƙara sautin kiɗa.

Ƙaurin nan daga ƙarƙashinsa yake. Tsakanin inji da giyabos akwai farantin kuloci mai lainin a fuska biyu. Kaba ce ke matse shi a jikin fulawil, ta haka ƙarfin inji ke isa taya. Duk lokacin da aka bar shi yana gurzuwa, inji na ihu shi kuma bai gama kamawa ba, zafi ke cin lainin. Washegari alama ta bayyana: a sa giya ta huɗu, a taka totur, inji ya yi kuka, mota ta ci gaba da tafiyarta ta jiya. A hawa ƙaramin tudu mai Keke Napep ya wuce shi, har ya waiwayo ya ɗaga masa hannu.

Daga nan magana ta koma majalisa, inda ake yanke hukunci a kan kowace cuta ta mutum da ta ƙarfe. A majalisar mai shayi ba a taɓa samun ƙafar mai mota da laifi ba. Wani ya ce baki ne, motar ta cika shiga ido. Wani ya ce ai tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya lalace, har ƙarfe. Wani, wanda ko keke bai mallaka ba, ya ce shi tun farko ya ji ƙarar bai so ba, kunya ce ta hana shi faɗa. Sai kuma babban malamin majalisa, mai waya da data, wanda ya sauke finafinan Fast and Furious kaf, ya kurɓi shayi ya ce: "Abokina, motarka ta wuce kulocin talakawa. Siteji tiri za ka sa."

Kowa ya gyaɗa kai. Babu wanda ya san mene ne siteji wan, balle tiri, amma uku ta fi ɗaya, wannan ko ɗan firamare ya sani.

To ga abin da malamin bai karanto ba. Lambobin nan ba wata hukuma ce ta tsara su ba, kowane kamfani da yadda yake raɗa wa kayansa. Galibi na farko lainin ɗinsa irin na kowa ne, kabarsa ce ta ɗan fi matsi. Wanda ake kira na uku kuwa yawanci ba cikakken faranti ba ne, 'yan faci ne huɗu ko shida na tangaran haɗe da ƙarfe, an yi su ne don su jure zafi su kuma cafke nan take. Ba ya san lallashi. Ko ya kama ko ya saki. Feda ta yi tauri, mota ta riƙa karkarwa wajen tashi, fulawil kuma ya riƙa cinyewa. A filin tsere wannan duk ba aibi ba ne, domin can mota sau ɗaya take tashi daga tsaye, kuma injinta an ƙara masa ƙarfin da kulocin gida ba zai riƙe ba. Ɗora shi a kan Golf mai injin 1993 daidai yake da ɗaura wa jakin kai taki sirdin hawan sallah.

A ce ma an sa. Ina filin tseren? Mu ɗauki hanyar Tsafe. Daga fitarka Gusau zuwa Kwatarkwashi, zuwa Tsafe, zuwa Yankara, abin da ke gabanka shi ne rami, da tudun rage gudu, da tirela mai tafiyar sarauta, da shingen jami'an tsaro. Tsaya, matsa, tsaya, matsa. Ka iso shinge, soja ya yi maka alama ka matso a hankali, ka ɗaga ƙafa kaɗan, kulocin tsere ya cafke, mota ta zabura ta yi kansa. A nan ne za ka yi bayanin siteji tiri da tsallen kwaɗo. In kuma ka ji tsoro ka sassauta totur, ta mutu, layi ya taru a bayanka, direbobin haya su tuna maka da iyayenka ɗaya bayan ɗaya. Kuma raha a gefe, wannan hanya ce da kowa ke addu'ar kada ƙarfe ya ba shi kunya a kanta in rana ta yi sanyi. Mai hankali abin da yake nema a nan shi ne motar da za ta kai, ba wadda za ta burge ba.

Sai dai ba hankali ne ke ceton saurayinmu daga siteji tiri ba, farashi ne. Malamin majalisa ya nuna masa kuɗin a waya, da dala. Tun da dala ta haura naira 1,500 a 2024, lissafin irin wannan ba a yin sa a tsaye. Aka buga, aka ƙara kuɗin jirgi, aka ƙara na kwastan, sai ga shi ya kama hanyar kuɗin motar kanta. Nan take tawali'u ya sauko masa. "Ni dama ba wani tsere nake yi ba," in ji shi, "ɗan na lallaɓawa nake so." Mutumin da bai nemi ragin ko sisi ba wajen sayen rim da fitila da sifika, yau ya zama masanin tattali.

A shagon kayan gyara aka yi masa maraba da "Oga kwastoma". Ya ce kuloci yake so, orijinal. Mai shago ya tambaye shi, ba tare da ko murmushi ba, orijinal na ɗaya ko orijinal na biyu. Ya sauko da kwalaye uku masu suna ɗaya da launi ɗaya, farashi uku. Sunayen kuwa na gaske ne. LuK da Sachs na Jamus, Valeo na Faransa, Exedy da Aisin na Japan, duk kamfanoni ne da masu ƙera motoci da kansu ke sayen kuloci a wurinsu. Matsalar ita ce kwali ba shi da wuyar bugawa, kuma bai taɓa ƙin abin da aka zuba masa ba.

Akwai kuma Beljiyam, wanda aka ciro daga motar da ta gama rayuwarta a Turai, ya biyo ta Ladipo a Legas ko Ƙofar Ruwa a Kano. Kowane Beljiyam da tarihinsa, kuma tarihin ɗaya ne: wata tsohuwa ce ke da motar, ba ta zuwa ko'ina sai coci da asibiti. Ni dai ina son in ga tsohuwar nan, domin bisa lissafina ta kashe motoci sun fi na tashar Gusau yawa. Gaskiyar Beljiyam ita ce wani lokaci ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba, wani lokaci kuma saura kwana kaɗan ya rage masa. Ido ne ke raba gardama: a duba kaurin lainin, a ga ko ya kusa cin kan ƙusoshin da suka riƙe shi, a girgiza sifirin ɗin tsakiya a ji ko suna kaɗawa, a duba yatsun kaba ko sun cinye. Saurayinmu bai duba ko ɗaya ba. Ya ɗaga, ya ji nauyi, ya ce "Wannan ƙarfe ne," ya shiga ciniki da rantsuwa.

A gareji ya tarar da tsohon bakanike, hannu baƙi ƙirin, yana goge fulawil da tsumma. Fuskar ƙarfen ta yi tabo shuɗi-shuɗi, da 'yan tsage sirara inda zafi ya ci. Tsoho ya shafa da babban yatsa, ya ɗago.

"Ɗana, mi ka ƙara ma injin wagga mota?"

"Salansa, Baba."

"Sai mi?"

"Sai sitika."

"To sitika ba ta cin kuloci. Ƙahwarka ce."

Ya ce a sayi saiti gaba ɗaya, faranti da kaba da boris, a kai fulawil a wanke masa fuska a injin, a kuma sauya sil ɗin bayan inji tunda yana tsattsafo da mai, mai kuwa in ya taɓa lainin an gama. Dalilinsa a fili yake: wahalar aikin da kuɗinsa duk a sauke giyabos suke, in an sauke sau ɗaya gara a gama komai. Saurayi ya ji wannan a matsayin dabarar cin kuɗi. "Baba, faranti kawai za a sa, sauran ai da ransu." Tsoho ya ce, "Awo, kuɗɗinka ne." Bai ƙara ba, domin ya san za a dawo.

Ya kuma yi masa gargaɗin ƙarshe, cewa sabon kuloci yana son a bi shi a sannu na 'yan ɗaruruwan kilomita kafin ya zauna, ban da fizga, ban da wasa. Sai dai Asabar akwai biki a Samaru, kuma an riga an sa sunansa a jerin masu rakiya. Ba a rufe wata ba boris ya fara kuka, sabon faranti ya bi sawun tsoho, aka sake sauke giyabos, aka sake biyan kuɗin aiki. Araha dai ba ta ado. Majalisa ta zauna ta tabbatar da cewa bakaniken ne bai iya ba.

Abin dariyar shi ne akwai mutumin da ya cancanci kuloci mai ƙarfi, kuma ba ya nema. Je ka tasha ka ga direban Golf mai jigilar Gusau zuwa Bungudu. Mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure da igiya, buhun masara biyu, da akuya tana kallon inda aka baro. Irin motar ce, irin injin ne, nauyin ya ninka. Amma kulocinsa na kowa da kowa ne, kuma yana daɗewa, saboda yana tashi da giya ta ɗaya a hankali, yana sauke ƙafarsa daga feda da zarar mota ta ɗauka, ba ya riƙe mota a kan tudu da kuloci alhali ga birkin hannu. Shi mota abincinsa ce, ba ya kuma da wadda zai burge sai mai karɓar kuɗin tasha.

Ba na cewa kulocin tsere ƙarya ne. Wanda ya ɗora wa motarsa turbo na gaske, ko ya dasa mata injin VR6 mai lita 2.8 da doki 174, dole ya nemi kulocin da ya dace da sabon ƙarfin, ya tambayi adadin murɗin da aka ce yana riƙewa, ya zaɓi wanda ya ɗan haura na injinsa. Ko shi ma, in a gari zai yi yawo, cikakken faranti mai sifirin a tsakiya ya fi masa zaman lafiya da gwiwarsa ta hagu. Sauranmu masu turbon sitika, saitin kamfani na gaskiya daga shagon da zai karɓi kayansa in ya ba da matsala ya ishe mu, kuma shi ne mafi sauƙin kuɗi in an haɗa lissafin shekara.

Ku kuma malaman majalisa, ga roƙo. Duk wanda zai sake ba wa yaron mutane shawarar siteji tiri, ko ta "sa faranti kawai", don Allah ya bar wayarsa a kunne kuma ya ci abinci ya ƙoshi, domin in mota ta tsaya tsakanin Kwatarkwashi da Tsafe shi za a fara kira ya zo turi.