Yadda Aka Rufe wa Kat-kat Ido a Ƙoramar Telwa

Shirya mota domin ratsa hamadar Tenere, daga Agadas zuwa Bilma, aiki ne da ya ginu a kan lissafi guda, wato cewa a tafiyar da ta haura kilomita 600 babu kwalta, babu gidan mai, babu kuma garejin da za a tura mota, don haka duk abin da ita da mutanen cikinta za su buƙata dole ne ya hau bayanta tun daga gari. Motar wannan hanya ita ce mai jan ƙafa huɗu, wadda mutanen Nijar ke kira kat-kat, kuma wadda direbobi suka fi amincewa da ita ita ce Toyota Land Cruiser samfurin 70, da aka fara fitarwa a 1984. Ana ɗibar man gas da ninki, domin inji yakan sha kusan biyun abin da ya saba idan ya shiga yashi mai laushi, ana kuma ɗibar ruwa da sanin cewa kowace lita kilo guda ce a kan sifirin. Sai tayoyin safaya biyu, da fambel, da matatar iska, da shebur, da famfon hura taya, da faffaɗan katakon da ake ɗora jak a kai don kada ya nutse, da kuma tol, wato dogayen farantan ƙarfe masu huji da ake shimfiɗa wa taya ta taka idan ta kafe.

Mai motar da wannan bayani ya shafa, mutumin kudu da aiki ya kawo Agadas, ya cika waɗannan sharuɗɗa kaf, ya jera su a littafi yana sa wa kowanne alama, har ya ƙara da sabon rawani irin na Buzaye wanda ya koyi naɗawa a gaban madubi. Da shiri ya kammala sai ya ga ya dace ya gwada motar da cikakken lodinta a ƙoramar Telwa, busasshen rafin da ke gangarowa daga duwatsun Abzin ya bi ta arewacin garin, wanda ba ya ɗaukar ruwa sai da damina. Zaɓin wurin daidai ne a ilmance, lokacin ne ke da magana, domin ya isa da la'asar, sa'ad da rana ta gama sassauta yashi, kuma sa'ad da masu lambu, da masu amalanken jaki, da yaran da aka taso daga makarantar allo, duk suke da sukunin tsayawa kallo.

Ya fara da rage iskar tayoyi daga bar 2.5 zuwa wajen bar 1, yana bayyana wa jama'a, da yatsa a sama, cewa taya mai laushi takan tsawaita sawunta a kan yashi, nauyin mota ya rarrabu. Bayanin ingantacce ne, ko da yake babu wanda ya nema. Daga nan ya hau, ya ja ƙaramin giya, wato sandar da ke raba ƙarfin inji tsakanin ƙafafun gaba da na baya, ya ɗaga wa yara hannu, ya gangara. Bayan 'yan taku gindin motar ya fara sauka, shi kuwa ya taka totur har ƙasa, abin da masana tuƙin yashi suka haramta, tayoyin baya suka haƙa wa kansu rami, cikin motar ya zauna daram a kan yashi, hancinta ya ɗaga yana duban sama.

Wajibi ne a tsaya a nan a fayyace abin da ya auku a ƙarƙashin motar. A cibiyar kowace tayar gaba ta irin wannan mota akwai ɗan murfi da ake murɗawa da hannu, mai matsayi biyu, sake da kulle. Idan yana sake, tayar ba ta kama sandar da ke kawo mata ƙarfi daga inji, kuma an yi hakan ne domin a rage shan mai da cin ƙarfe a kan kwalta. Saboda haka direba na iya jan ƙaramin giya, inji ya aika ƙarfinsa gaba, sanduna su yi ta juyi a cikin gidansu, alhali tayoyin gaba suna tsaye cik, ba su san ana yaƙi ba. Bakaniken da ya duba motar ya bar makullan a sake, kamar yadda ya dace da motar da ke yawo cikin gari, littafin mai motar kuwa, da yake jerin abubuwan saye ne, bai tanadi layi ga abin da ba a sayarwa a kasuwa ba.

An haƙa da shebur, an sauke jarkoki an jera su a bakin rafi, an cusa tol a ƙarƙashin tayoyin baya, kuma da aka sake taka totur sai tayar dama ta harbo nata tol ɗin baya da ƙarfin da ya tarwatsa yara ya kuma firgita wani jaki. A daidai wannan lokaci ne wani tsoho da ke dafa shayi a gindin goruba ya shiga maganar, bayan ya gabatar da kansa a matsayin wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ayarin gishiri, wato azalai, wanda ke tashi da kaka ya bi ta Fachi zuwa Bilma ya dawo da kantu. Bai taɓa riƙe sitiyari ba, kuma wannan bai rage masa komai a ƙarfin gwiwa ba.

Tambayarsa ta farko ita ce ko an ba motar ruwa kafin a fito da ita, kuma da aka nuna masa jarkokin da ke jere, sai ya girgiza kai ya ce ɗaukar ruwa daban, sha daban. Shawararsa ta biyu ta fi wannan zurfi, domin ya ce a bar ta nan inda take har damina, Telwa in ta kawo ruwa za ta ɗauke ta kyauta ta kai ta filin Irhazer. Da wani mai lambu ya tuna masa cewa Irhazer yamma take, Bilma kuwa gabas, sai ya amsa cewa mutumin da ya kasa taku ashirin bai kamata ya yi tsirfar zaɓen gabas da yamma ba. Sannan ya koma ta'aziyya, ya ba da labarin itacen Tenere, ƙayar da ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar hamada ba ta da maƙwabciya, har wani direban babbar mota ya samu hanyar bankaɗe ta a 1973, aka kwashe gawarta zuwa gidan tarihi na Yamai. Abin da ya ciro daga wannan tarihi shi ne cewa direban da ya kafe rahama ne ga itatuwa, kuma gorubar da yake zaune a gindinta ba ta taɓa samun kwanciyar hankali irin na yau ba. Duk wannan yana faɗa ne yana ɗaga buta sama yana tsiyaya shayi a ƙaramin kofi don ya yi kumfa, ba tare da ɗigo ɗaya ya zuba ba.

Shawara ta ƙarshe ita ce ta jawo abin da ya biyo baya.

"Alhaji," in ji tsohon, "raƙumi in ya durƙusa ya ƙi tashi, ba kaya ne suka yi masa yawa ba, wani abu ya gani. Wannan ta ga yashi. A rufe mata ido."

"Baba, mota ce, ƙarfe ne."

"To, ƙarfen ya tashi mana."

Masu nazari na iya saɓani game da dalilin da ya sa mutum mai ilmi, mai littafi a aljihu, ya bi wannan shawara, amma mafi ingancin ra'ayi shi ne cewa ya yi niyyar rushe ta ne ta hanyar gwaji a bainar jama'a, domin tsohon ya yi shiru kafin magariba. Ya kwance rawanin da ya sha wahalar naɗawa, sanƙonsa ya bayyana yana ƙyalli da gumi, ya durƙusa a gaban motar ya shiga zagaya ƙyallen a kan fitilun gaba yana ɗaurewa a jikin bamba. Yana cikin ƙulli na biyu ne wani yaron gareji, mai riga baƙa ƙirin da baƙin mai, wanda ya biyo ta wurin da aike, ya tsuguna a gefen tayar hagu ya murɗa wani abu, juyin da bai kai rabin zagaye ba, ya zagaya ta bayan mai motar ya yi wa ta dama haka nan, sannan ya koma cikin yara ya tsaya. Idon jama'a duka yana kan rawani. Mai motar kaɗai ya ji ƙas, ya kuma sake jin ƙas, kuma bai ba abin muhimmanci ba.

Ya hau, ya ta da inji, kuma da yake so yake ya kasa cikin mutunci, sai ya taɓa totur a hankali, wanda shi ne ainihin abin da masana tuƙin yashi ke umarni da shi. Motar ta yi ajiyar zuciya, ta ɗago gindinta, ta taka tol ɗin da ya saura, ta fito daga ramin cikin natsuwa da idonta a rufe, jelar rawani na jan ƙasa.

Wannan daƙiƙa ta cancanci a sake dubanta, domin ba abu guda aka gani a cikinta ba. Daga kujerar direba, abin da ya auku shi ne cewa sitiyari ya yi nauyi a hannu, alamar tayoyin gaba sun kama, kuma a cikin wannan nauyi ne ƙas ɗin nan biyu suka dawo wa mai motar da cikakkiyar ma'anarsu, har ƙafarsa ta nemi burki don ta mayar da motar cikin rami, amma aikin gama ya gama. Daga bakin rafi, abin da aka gani shi ne cewa an haƙa ba ta fito ba, an sauke kaya ba ta fito ba, an sa ƙarfe ta tofar da shi, an rufe mata ido ta fito, kuma wannan jerin hujja ne da malamin kimiyya ma zai sha wahala kafin ya karya shi. Aka yi kabbara, wata mata da ke ɗauke da itace ta rangaɗa guɗa, yara suka bi motar a guje suna kama jelar rawani. Daga gindin goruba kuwa ba a ga wani abin mamaki ba, domin tsohon ko ɗaga kai bai yi ba, yana ta wanke kofuna domin shayi na uku.

Da mai motar ya sauko, kai ba rawani, ƙafa ba takalmi ɗaya, hanyoyi biyu ne a gabansa: ko ya sanar da taron da ya yi wa lacca a kan iskar taya cewa tun ɗazu da ƙafa biyu yake jan motar ƙafa huɗu, ko kuma ya amince cewa Land Cruiser na tsoron yashi. Yaron garejin ya matso, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Alhaji, ba ka kulle gaba ba ne," sai Alhaji ya damƙa masa abin da ya samu a aljihu da saurin da ya fi kama da toshiyar baki, sannan ya nufi gindin goruba ya durƙusa ya yi godiya.

Tsohon ya karɓi godiyar ba tare da girman kai ba, ya miƙa masa kofi, ya kuma gargaɗe shi da kada ya kuskura ya kwance mata ido sai an wuce Fachi, domin yashin da ke can ya fi na nan ban tsoro.

"Baba, in dare ya yi fa? Fitilun ne a rufe."

"Alhaji, ka taɓa ganin raƙumi da fitila?"