Cinikin Keken Kanka

A Landan, idan ɓarawo ya ɗauke maka keke da safe, kafin la'asar kana iya ganinsa a Facebook Marketplace ko Gumtree, an wanke shi tas, an ɗauki hotonsa kamar ango. Ka garzaya wajen 'yan sanda, su rubuta ƙara, sannan su nemi lambar da aka buga a ƙarƙashin ƙarfen keken. Wa ya taɓa kifa kekensa don ya karanta ta? Ba lamba, ba shaida, mai tallan kuma sunan bogi ya sa.

Sai ka haɗiye fushi ka tura masa saƙo: "Malam, nawa gaskiya?" Ya ce ba ragi, ai mai shi na farko ya kula da shi sosai.