Ire-iren Mutanen da Ake Samu a Gyaran Gidan Gado

Gyaran gidan gado aiki ne da akan soma bayan ɗaukewar damina, lokacin da ruwan Agusta ya gama tona asirin rufi da katanga. A unguwannin Kano da ke maƙwabtaka da Gidan Zoo, wanda aka kafa zamanin Gwamna Audu Bako, aikin kan haɗa har da lambun bayan gida, domin ganin itatuwan gandun kan sa kowa ya ɗauka shi ma yana da hannun shuka. Akwai mutanen da ba a rasa su a irin wannan aiki.

Na farko shi ne Mai Aike. Yana zaune a Abuja ko Jidda, rabonsa da gidan tun sadakar arba'in, amma ya fi kowa sanin inda za a fasa taga. Kayan aikinsa WhatsApp ne. Yakan turo hoton wani gida na Dubai da tsakar dare, ya biyo shi da kuɗin siminti buhu 10, bayan kwana uku ya tambayi dalilin da ya sa ba a kai linta ba.

Sai Gwaggo, wadda ita ce hukumar adana kayan tarihi ta gidan. Zaure ba ya taɓuwa, rijiya ba ta rufuwa. Darbejiyar da saiwarta ta tsaga katanga gida biyu kuwa, marigayi ne ya dasa ta da hannunsa. Hujjarta ɗaya ce: "Ku bari sai bayan raina." Ba a taɓa samun ɗan da ya iya amsa wannan ba, don haka akan karkata ginin ya kewaye bishiyar.

Magini yana da kalanda tasa wadda gobe ba ta ƙarewa a cikinta. Da ya karɓi kafin alƙalami sai ya ɓace, saboda yana riƙe da aiki uku a unguwa uku. Ranar da ya bayyana, yakan ƙwanƙwasa bango, ya girgiza kai, ya ce, "Alhaji, wa ya yi muku wannan aikin?" Sau da yawa shi ne. Kusa da shi akwai maƙwabci, injiniyan sa-kai, da ke zaune a benci. Duk rodin da aka sayo, ya san mai sayar da shi da rahusa a kasuwar Ƙofar Ruwa, amma sai an sauke kaya yake tunawa.

Masanin Gado ya haddace cewa namiji yana da rabon mata biyu, matar mamaci kuma tumuni. In an zo karo-karon kuɗin kwano, nan take yakan gano cewa 'ya'ya duk ɗaya suke.

A kan lambu mazhaba biyu ce. 'Yan boko na son intalok da ciyawa da furanni. Matan gida na son zogale, rama da yakuwa, abin da zai shiga tukunya. Akuyar Gwaggo ce kan raba gardama, domin ba ta bambanta fure da ganyen miya. Daga nan Ɗan Kasuwa kan miƙe. Ya lura da cincirindon yaran da ke tururuwa Gidan Zoo lokacin Sallah, ya kuma riga ya auna lambun da ƙafa: shago huɗu zai fitar, biyar in an sare darbejiyar.