Jagorar Sabon Shiga Mai Son Sayen Kyamara Ya Tsiyata Kansa Cikin Natsuwa

Duk wanda ya tara 'yan kuɗinsa da niyyar sayen kyamararsa ta farko, kada ya yi gaggawar zuwa kanti. Ya nemi gidan biki, ya bari sai an fara rabon abinci, sannan ya matsa kusa da masu ɗaukar hoto ya tambaya cikin ladabi: tsakanin Canon da Nikon wacce ta fi? Daga nan sai ya ja gefe da farantinsa. Mai Canon zai rantse babu kyamarar da ke fito da launin fatar amarya kamar tasa. Mai Nikon zai ce wannan zancen 'yan koyo ne. Wani matashi mai rataye da Sony zai yi murmushin tausayi, ya ce su biyun an bar su a tasha tun tuni. Ba wanda zai amsa tambayar, domin kowa yabon abin da ya riga ya kashe wa kuɗi yake yi.

Kamfanonin nan uku duka 'yan Japan ne. Nikon ce babba, an kafa ta a 1917, Canon kuma ta zama kamfani a 1937. Sony ba ta shiga fagen kyamarori masu sauya gilashi ba sai a 2006, da ta sayi wannan sashe daga hannun Konica Minolta, kuma manyan suka riƙa yi mata kallon mai sayar da rediyo da talabijin. A 2013 ta fito da A7, wadda aka cire mata madubin nan na ciki mai yin ƙas idan an danna, ta zama ƙarama marar nauyi. Sai a 2018 Canon da Nikon suka biyo sahu da nasu manyan marasa madubin. Abin da mai Nikon ba ya son a faɗa a gaban jama'a shi ne, kyamarorin Nikon da dama farantin da ke kama haske a cikinsu Sony ce ta ƙera shi. Sabon shiga ya adana wannan bayani, zai yi masa amfani ranar da yake son a tashi daga hira da wuri.

Gaskiyar da ba a rubuta a jikin kwali ba ita ce, sayen kyamara aure ne, kuma ba yarinyar kaɗai ake aura ba, har da danginta. Dangin su ne gilasan da ake ɗaurawa a bakinta, wato lens. Kowane kamfani da irin bakinsa, gilashin Canon ba ya hawa Nikon kai tsaye, kai hatta wajen murɗawa a ɗaura shi Nikon ta zaɓi akasin hannun da Canon ke bi, don dai kada a ce sun yi tarayya a wani abu. Jikin kyamara yakan tsufa cikin 'yan shekaru a sauya shi, amma gilashi mai kyau yana nan, kuma sau da yawa ya fi jikin tsada. Wanda ya tara gilasai uku na gida ɗaya ya zauna ke nan, ko ana zaman daɗi ko ba a yi.

Saboda haka binciken asali wajibi ne, don akwai gidajen da suka watse suka bar mutane da kaya a hannu. Samsung ta yi kyamarori masu kyau da ake kira NX, daga baya ta tattara ta bar harkar ba sallama. Nikon ta rufe ƙananan nan da ta kira Nikon 1 a 2018. Canon ma ta yi watsi da jerin EOS M, kuma gilasansu ba sa hawa sababbin kyamarorinta na EOS R. Idan mai kanti ya ɗauko ɗaya daga cikin waɗannan yana cewa ya yi ragi don Allah, to akwai wani dalilin ragin ban da don Allah.

A kantin ma akwai abin lura. Da zarar mai kaya ya kira ɗalibi ɗan shekara ashirin da "Alhaji", farashi ya riga ya hau. Sai ya biyo da babban makami: "Alhaji, wannan megafiksal ɗinta ya ninka na waccan." Sabon shiga ya gyaɗa kai kamar ya gamsu, amma ya tuna cewa wayar Samsung Galaxy S23 Ultra tana da megafiksal 200, ita kuwa Sony A7S III, wadda ta fito a 2020 a kan kusan dala 3,500 kuma masu shirya fim ke rububinta, 12 kacal gare ta. Girman farantin kama haske da ingancin gilashi su ne ke yin aikin. Babban faranti faɗinsa milimita 36 ne da 24, na waya kuwa bai kai farcen babban yatsa ba. Ballantana ma hoton ƙarshensa WhatsApp za a tura shi, a matse shi, gwaggo ta kalla a waya mai fasasshen gilashi ta ce ai ta fito baƙa.

Mai son a san da shi a unguwa yana iya duba Fujifilm, mai kamannin kyamarar kakanni da maɓallan murɗawa a ka. Wata ƙaramarta mai suna X100V ta yi tashe a TikTok a 2022 har ta ɓace daga kantuna, ta hannu ta riƙa fin sabuwa tsada. Leica ta Jamus kuwa, mai jan ɗigo a goshi, ba a ba sabon shiga shawara a kanta. Wanda zai iya sayenta ba ya karanta jagora.

Mafi yawan masu farawa a Kano ko Kaduna ko Maraɗi ta hannu za su saya, kuma babu abin kunya a ciki. Tun da manyan masu hoto suka koma marasa madubi, tsofaffin masu madubi sun yi arha, gilasansu kuma sun cika gari. Suna da wata falala da ɗan Turai ba zai damu da ita ba: batir. Nikon D3500 an ƙiyasta tana ɗaukar hoto 1,550 a caji ɗaya, yayin da marasa madubi da yawa ke sumewa a 'yan ɗaruruwa. Wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, dawakai sun taso, batir ya mutu, gida kuma ba wuta tun shekaranjiya, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Sai dai ta hannu tana son duba na tsanaki. Mai kaya zai ce wata tsohuwa ce a Landan ta yi amfani da ita sau biyu ta ajiye. Wannan tsohuwa, Allah ya ƙara mata lafiya, da alama ta mallaki rabin kyamarorin da ke kasuwa. Kyamara tana ƙirga duk hoton da ta ɗauka, ana iya duba adadin a kwamfuta, kuma ƙananan masu madubi yawanci wajen hoto 100,000 aka gwada su a kai. Mai saye ya cire gilashin ya ɗaga shi sama ya haska da fitilar waya. Idan ya ga wani abu kamar yanar gizo-gizo a ciki, fumfuna ce, takan kama kayan da suka daɗe a wuri mai laima irin Legas. Sannan ya ɗauki hoton farin bango ko sararin sama, ya buɗe shi da girma. Ɗigo-ɗigon da zai gani ƙura ce a kan faranti. Wannan kam ko yanzu babu, hunturu na zuwa, musamman ga mai sha'awar sauya gilashi a tsakiyar titi don mutane su gani.

Bayan duk wannan karatu, hanyar zaɓen da ta fi kowace aiki ba ta da wani armashi. Sabon shiga ya duba abokinsa mafi yawan gilasai kuma mafi sauƙin kai wajen ba da aro, ya sayi irin tasa. Ya sa gilashin nan mai arha na milimita 50, mai buɗewa har f/1.8, wanda kusan kowane kamfani ke da shi, ya ga yadda bayan mutum ke narkewa a hoto har a fara kiransa ƙwararre. Kuɗin memori da jaka da batir na biyu kuma ya ware su tun kafin ciniki, don mai kanti ba ya tuna su sai an biya.

Kafin ya miƙa kuɗin, ya leƙa wurin mai gyara ya tambaye shi wacce yake da kayanta a ƙasa. Zai tarar da kanta cike da gawarwakin kyamarorin kamfani ɗaya. Idan mai gyaran ɗan wannan gida ne, zai ce don su aka fi saye ne. Idan na ɗaya gidan ne, zai ce don su suka fi lalacewa. Ko wanne ne, a jikinsu za a ciro maɓallin da zai ɓalle masa nan da wata shida.